Ƙofar da Yaya Bukar Ya Ƙi Gogewa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Bukar, wanda tsofaffin Haɗeja suka sani da Bukar Taswira. Na so in yi masa irin rubutun da aka saba yi wa mamaci, in jero kyawawan halayensa, in rufe da addu'a, in koma in kwanta. Abin da na gani da idona makon jiya ne ya hana ni. Na je gida gaisuwar wata rasuwa, na ce da jikana ya bi da ni ta bayan gidanmu kamar yadda na saba, sai na tarar an jibge bulo tuli guda a bakin ƙofar baya, ga yashi, ga buhunan siminti an lulluɓe da leda. Na tsaya turus, sandata ta kusa suɓucewa. Na tambayi jikan nawa ko idona ne ke yi mini gizo, ya ce a'a, Hajiya, toshe ta za a yi.

Toshe ta! Wallahi sai da na nemi wuri na zauna a kan bulon.

Gidan yanzu yana hannun Mustafa, ɗan ƙaninmu. Yaro ne mai kirki, ba ya wuce ni bai durƙusa ba, amma kansa cike yake da lissafin kasuwa. Tudun da ke bayan gidan ya zama titi, babura da kekuna masu ƙafa uku suna ta kai da kawowa, shi ne ya ga wurin zai yi kyau da shago. Na ce masa wa ya duba masa kafin ya yanke wannan shawara, ko ya kira mai zanen gida, irin waɗanda yanzu ake ce wa akitek? Sai ya yi dariya ya ce, “Haba Gwaggo, ɗan wannan aikin? Ai su na manyan gidaje ne. Birkilan ya ce ba komai, yini ɗaya ya gama.” Na dube shi, na ga fuskar Babanmu sak, har da yadda yake ɗaga gira. Sai na gane ba wanda ya taɓa zaunar da yaron nan ya ba shi labarin ƙofar, don waɗanda suka san labarin duk sun kwanta dama, saura ni.

Babanmu, Malam Grema, ɗan kasuwa ne. Kakanmu daga wajen Tabkin Chadi ya zo da jakuna da kanwa, ya ga ruwa da kifi a Haɗeja ya ƙi komawa. Baba ya gaji fataucin, amma shi shinkafa da bandar kifi ya riƙe, yana tara su daga ƙauyukan fadama har su Kirikasamma, yana kai wa jirgin ƙasa a Malam Madori. A ƙarshen zamanin Turawa abin ya karɓe shi, tsohon gidanmu na cikin gari ya yi mana kaɗan, sai ya sami fili a gefen gari, kusa da inda kwale-kwale ke sauke kaya. Gaban filin wani kwararo ne da ke gangarawa kogi, bayansa kuma tudu ne mai kuka ɗaya da 'yan goruba.

Yaya Bukar shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi kaɗai aka saka boko. Daga Kano aka tura shi Kaduna ya koyi zanen gine-gine, ya zauna a ofishin zane yana aiki a ƙarƙashin Turawa, don a lokacin manyan masu wannan sana'a duk su ne. A Haɗeja ba wanda ya san takamaiman abin da yake yi. Wasu suka ce hoton gida yake yi wa Turawa su rataye a bango. Wasu suka ce shi ne ke gaya wa magina abin da suka riga suka sani tun kafin a haifi ubansa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, aikinsa ba na irinmu ba ne. Mu idan za mu yi gida, maigida ya ɗauki sanda ya shata a ƙasa, nan zaure, nan shigifa, nan turaka, can cikin gida, magini ya kwaɓa ƙasa ya fara jera tubali.

Baba ma haka ya ɗauka, sai dai yana da ɗan son a sani, Allah ya gafarta masa. Da Yaya ya zo hutu a ƙarshen damina, ya kira shi ya ce ya zana masa gida a takarda irin na Turawa, ya kuma ƙayata zauren sosai. A tunaninsa Yaya zai shiga ɗaki da fensir bayan azahar, ya fito da hoto kafin la'asar, shi kuma ya nuna wa abokansa. Ba gidan yake nema a wurinsa ba, gidan yana cikin kansa tuni. Takardar yake so.

Yaya bai taɓa fensir ba har kusan ƙarshen hutunsa. Kullum da safe sai ya naɗe ƙafar wando ya tafi filin, ya yi ta zagaye a cikin taɓo, yana tsugunawa yana damƙar ƙasa yana murzawa. Ya je ya zauna da masunta a bakin kogi suna gyaran koma, yana tambayarsu inda ruwa ya taɓa kaiwa a zamanin iyayensu. Aka zo aka gaya wa Baba an ga ɗansa ɗan boko yana shafa jikin wata tsohuwar tsamiya a bakin kwararo kamar mai neman magani. Ashe tabon ruwa yake dubawa, irin zoben da ambaliya ke bari a jikin itace. Mutane suka fara cewa karatun ya yi masa yawa.

Wanda aka zaci za su yi rikici da shi, wato Malam Ilu magini, shi ne ma ya zama abokin hirarsa. An zuba ido a ga ɗan boko ya raina ginin ƙasa, ya ce sai siminti da kwano. Sai ga shi zaune a gindin bango da tsohon, suna gardamar wace azara ce ba ta jin gara, da yawan ciyawar ramno da ya kamata a zuba a kwaɓi. Malam Ilu ya ce da Baba, yaron nan naka yana da kunne. Baba bai ji daɗin yabon ba, don shi hannu ya aika a koyo, ba kunne ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai, mu matan gida, shi ne ranar da ya shigo madafa. Namiji baligi, mai albashi, ya jawo turmi ya kifa ya zauna a cikin hayaƙi! Iya, mahaifiyarmu, ta ce lafiya? Ya ce lafiya lau, tambaya ya zo yi. Ina hayaƙi ke bi idan iska ta juyo daga kogi? Ina take zubar da ruwan wanke-wanke? Daga rijiya zuwa murhu, ina ne ƙugunta ke fara ciwo? Da la'asar ina take samun inuwa ta yi tsince? Iya ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce tunda take ba a taɓa tambayarta ra'ayinta a kan ko dokin ƙofa ba. Ni a lokacin an sa ranar aurena, ina jin kaina babba, na ce Yaya ko dai tuwo za ka koya? Ya ce, “Gana, gidan ku za ku wuni a ciki. Baba kwana kawai yake zuwa yi.” Sunana Yagana, amma shi bai taɓa kirana da shi cikakke ba.

Ranar da ya gama zanen, Baba ya tara abokansa a zauren tsohon gida bayan la'asar. An shimfiɗa sabuwar tabarma, an kawo goro. Ni ina shigifa a bayan asabari, inda duk 'yar gidan da ta san kanta take tsayawa idan ana maganar da ba a gayyace ta ba. Yaya ya warware takardar, ya danne gefunanta da takalmansa. Da farko abin ya yi armashi. Ya nuna musu zaure mai bakan gizo, ya nuna inda ya ɗaga daɓen ɗakuna sama da tsakar gida, ya matso da rijiya kusa da madafa, ya ce kada a haƙa kududdufi a jikin katanga, a ɗebo ƙasa daga nesa. Ana ta gyaɗa kai, Baba yana shafa gemu.

Sai wani abokin Baba mai sayar da fata ya ɗora yatsa a can ƙarshen takardar, inda layin katangar baya ya yanke. Ya ce nan fa, fensir ne ya ƙare? Yaya ya ce a'a, ƙofa ce. Mutumin ya ce ƙofar ina? Yaya ya ce ta bayan ɗakin Iya, tana fita kan tudu.

Baba ya daina shafa gemu. Ni kaina a bayan asabari sai da na dafe ƙirji.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba, don haka bari in tsaya in faɗa. A lokacin, gidan mutunci ƙofa ɗaya gare shi. Duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta zaure, ta gaban maigida ko ta gaban idon unguwa. Wannan ƙofa ɗaya ita ce shaidar cewa matan gidan a killace suke, kuma maigidan ya isa da gidansa. Gida mai ƙofar baya kuwa, kowa ya san irin gidan da ake nufi, ba sai na ɓata bakina ba. Ga shi ɗan cikinka ya zana maka ita a takarda, a bayan ɗakin uwarsa, ya shimfiɗa a gaban abokanka.

Mai fatar nan ya yi 'yar dariya ya ce, “Grema, ashe gidan naka baki biyu zai yi.” Na ga wuyan Baba ya kumbura. Ya ce da Yaya cikin muryar da ban taɓa jin ya yi da ita ba, “Uwarka ce za ta riƙa fita ta can?” Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Baba, kwararon nan hanyar ruwa ce. Na ga tabonsa a jikin tsamiya, ya kai ƙirjina. Ranar da ya dawo, ta zaure zai shigo. Idan zaure ya zauna, ta ina za su fita?” Baba ya ce shi tun yana yaro yake bin kwararon nan, ruwa bai taɓa wuce idon sawunsa ba. Sannan ya ce, “Goge ta.”

Abin da ya biyo baya, har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Yaya ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba. Zaure, turaka, soro, duk yadda ka ce haka zan mayar da su. Wannan kam ba zan goge ba.” A gaban baƙi! Mu da ko ruwa Baba ya ce ba sanyi ba ma cewa da sanyi. Wani daga cikin dattawan ya yi salati. Baba ya ce shi ya ɗauka ya tura yaro ya koyi zana abin da aka ce ya zana, ashe ya tura shi ya koyo yadda ake yi wa uba hukunci a gidansa. Ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Yaya ya sa takalmansa, takardar ta nannaɗe kanta a kan tabarma, ya fita bai ɗauka ba. Washegari ya bi jirgin Kaduna. Bikina ma bai zo ba, sai dai ya aiko da akwati.

Da rani ya kama aka fara gini. Baba ya miƙa wa Malam Ilu takardar a gaban ma'aikata, ya ce da ƙarfi yadda har masu wucewa za su ji, “Ka bi komai, ban da ƙofar nan.” Haka aka yi. Katangar baya ta tashi santal, an yaɓe ta sumul, ba ko huda. Gari ya yaba, aka ce Malam Grema ya nuna wa ɗan boko iyakarsa. A gida kuwa sunan Yaya ya zama abin da ba a ambata idan Baba yana nan. Salla ta zo ta wuce bai zo ba, wata ta sake zuwa ta wuce. Iya ta rame, amma ko sau ɗaya ban ji ta yi wa Baba ƙorafi ba, abin da ya riƙa ba ni haushi ƙwarai, don na san ba tsoronsa take ji ba.

Damina ta biyu da tarewarsu na dawo gida goyon ciki, na haifi ɗana na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko a jarida. Ban yi arba'in ba marka ta sauka. Ruwa ba dare ba rana, katangu suka jiƙe suka yi baƙi, kogi ya cika ya batse har shinkafar fadama ta nutse. Wata safiya mai shela ya bi unguwa yana cewa duk namiji mai lafiya ya fito da fartanya da kwando a tafi gyaran jinga, wato tudun ƙasar da ake tare kogi da shi. Baba ya fita da duk mazan gidan, har da ƙaninmu, uban Mustafa. Unguwa ta rage daga mata sai yara sai tsofaffi.

Da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakin Iya ina ba yaro nono, sai na ji wani irin gurnani daga wajen kwararo, kaji suka tashi sama. Kafin in ce me ke nan, ruwa ya ɓullo ta shigifa, ja wur, yana tafe da tabarmar zaure da butar Baba. Ashe ba ta inda maza suke tarewa ya ɓalle ba, ta wani gefe ya zagayo ya sami tsohuwar hanyarsa. Matar ƙanin Baba ta kwashi 'ya'yanta ta nufi zaure, don ba mu san wata hanya ba. Ba ta kai ba muka ji rugum! Zauren nan mai bakan gizo, abin alfaharin Baba, ya zauna gaba ɗaya, azara da ƙasa suka toshe bakin shigifa. Ruwa kuwa bai fasa shigowa ba, ta ƙarƙashin ɓaraguzan yake kwararowa.

Na duba gabas katanga, yamma katanga, ko'ina katanga mai tsayin da aka yi ta yabo. Ruwa ya wuce gwiwata. Na ɗora jariri a kafaɗa, ga ɗanyen jego. Abin da ya zo mini a rai shi ne muryar Yaya a zaure, yana tambayar ta ina za su fita. Na ce shi ke nan, yau amsar ta zo. Yara suna ihu, matar ƙanin Baba tana ta salati.

Iya ce kaɗai ba ta yi ihu ba. Ta ɗaure zaninta tamau, ta kama taɓarya da ke yawo a kan ruwa, ta ce mu biyo ta. Ta zaga bayan ɗakinta, ta tsaya a gaban katanga, ta shafa ta da tafin hannu kamar mai neman wani abu da ta ajiye, ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can. Na ce a raina tsoro ya taɓa mata hankali. Katangar da kaurinta ya kai kamu biyu za a fasa da taɓarya? Sai ta ja da baya ta yi bisimilla ta kirɓa. Taɓaryar ta shige har rabi. Ta zare ta sake kirɓawa, yaɓe ya zubo, sai ga zana da kara a ciki, sai ga haske, sai ga kukar nan ta kan tudu tana kallonmu. Ƙofa ce sosai, da azararta a sama, an dai rufe ta da zana an yaɓe ciki da waje.

Na tsaya baki buɗe, sai da Iya ta daka mini tsawa ta ce in fita da ɗan mutane. Na sunkuya na bi, ƙasa tana zubo mini a ka. Muka fita dukanmu, har akuya. Ba mu daɗe a gindin kuka ba ɗakin da nake jego a ciki ya kwanta. Gidan da ke jikin namu, shi ma mai ƙofa ɗaya, wata tsohuwa da jikanta ba su fito ba. Na san su, tsohuwar ita ta yi mini wankan jego na farko. Allah ya jiƙansu.

A gindin kukar, da numfashina ya dawo, na ce Iya, Yaya ne ya sa Malam Ilu ya yi wannan a ɓoye? Ta girgiza kai tana matse bakin zani. Ta ce, “Babanku ne. Ranar da muka tare ya kama hannuna ya kawo ni nan, ya ce in ƙwanƙwasa in ji yadda take amsawa. Ya ce kada in gaya wa kowa, har yayanku.” Wannan mamaki ya fi na ruwan. Mutumin da ya kori ɗansa a gaban jama'a a kan ƙofar nan, ya hana a ambaci sunansa, ashe ya zagaya ya sami magini su biyu ya ce a yi ta. Ya yarda da maganar yaron tun ranar, abin da ya kasa shi ne a ga ya yarda. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duk a zama ɗaya.

Baba ya iso a guje ta kan tudu, ba hula, taɓo har wuya. Ya ƙirga mu da ido, ya sake ƙirgawa, sannan ya zauna a ƙasa.

Labari ya kai Kaduna, Yaya ya taho, daga Malam Madori rabi a ƙafa rabi a kwale-kwale. Ya same mu a rumfar zana a kan tudu. Baba yana zaune a gefen ramin da Iya ta fasa, don katangar bayan ita kaɗai ta tsaya. Yaya ya tsaya yana kallon azarar da ke saman ramin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya durƙusa ya gaida Baba. Muna ta jiran a yi kuka, a nemi gafara, irin abin da ake yi. Baba bai ko dube shi ba, ya nuna ramin da haɓa ya ce, “Ta yi gajarta. Uwarka sai da ta sunkuya.” Yaya ya ce, “Ba haka na zana ta ba, Baba.” Baba ya ce, “To, sai ka zana mata ƙyaure.” Iyakar sulhun ke nan, kuma ya riƙe su har mutuwa ta raba.

Da aka sake gini, ƙofar ta fito fili da ƙyaurenta da sakata ta ciki, mabuɗin a hannun Iya. An yi surutu, ba a fasa ba, mai fatar nan ma sai da ya yi nasa surutun. Amma a hankali, duk wanda zai yi gida a gangaren nan sai ka ga ya aiko a tambayi Yaya ko zai leƙa masa filin idan ya zo hutu, kuma ba attajirai ba, har masunta masu ɗaki biyu. Yakan je, ya naɗe wando, ya yi musu tambayoyin nan nasa masu sa maigida ya sha toka. Wasu su bi, wasu su ce ba za a shiga musu gida ba. Bai taɓa yin fushi ba. Yakan ce da ni, mutane suna zaton fenti da ado suke nema a wurinsa, alhali shi aikinsa ya tuna musu da ranar da ba sa so su tuna.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga Haɗejar yau. Kwararon gaban gidanmu an cike shi da gine-gine, magudanar da aka yi ta toshe da leda, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba, kowa ya ga abin da yake yi mana a 'yan shekarun nan. Mutum ya ga gidan abokinsa a Kano, ya ɗauki hotonsa a waya, ya miƙa wa birkila ya ce irin wannan, ba ruwansa da cewa wancan a kan tsandauri yake, nasa a bakin fadama. Tagogi an yi musu ƙarfe kamar kurkuku, ƙofa ɗaya tak, ita ma da kwaɗo uku. A da kunya ce ke hana mu ƙofa ta biyu, yanzu tsoron ɓarawo da son shago. Masu zanen gida sun yi yawa, har da 'ya'yanmu mata, amma har yau ana ganin kiransu almubazzaranci ne, ko kuma a kira su bayan an gama yanke komai, a ce su zana abin da aka faɗa. Ina jin Yaya ba zai yi faɗa ba. Zai naɗe wando ne ya tafi neman tsamiya, ya tarar an sare ta.

Duk wannan na zayyana wa Mustafa ina zaune a kan bulonsa, matarsa Hadiza tana tsaye daga cikin ƙofar da goyo a bayanta. Ya saurara da ladabi, amma na ga lissafin shagon bai bar idonsa ba. Ya ce ai yanzu ginin siminti ne, Gwaggo, ba ya zama kamar na ƙasa. Na ce ruwa da wuta ba sa tambayar da me aka yi gini. Da na ga zai sake kawo wata, sai na aiki jikana kasuwa ya sayo mini taɓarya sabuwa. Na miƙa wa Hadiza a gabansa, na ce tunda mijinki zai toshe, ki ajiye wannan kusa, haka uwata ta yi.

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta dubi tulin bulon. Sannan ta dubi mijinta, ta gyara goyonta, ta ce a hankali, “Gwaggo, ai bulo ba ya jin taɓarya.”

Mustafa ya daɗe yana kallon yaron da ke bayanta. Da zan tafi ya raka ni har mota, ya tambaye ni ko cikin jikokin Yaya akwai wanda ya gaji sana'ar, yana so a zo a duba masa inda shago zai zauna ba tare da an taɓa ƙofar ba. Na ce akwai, mace ce, kuma ya shirya don sai ta shiga madafa.

Yaya bai bar gini ko ɗaya da sunansa a jiki ba. Manyan gine-ginen da ya zana a Kaduna sunan wasu ke kansu, takardunsa gara ta cinye, gidajen ƙasar da ya duba wa mutane yawancinsu an rushe an yi na bulo. Abin da ya rage nasa wani gurbi ne a jikin katanga, wurin da ya ƙi yarda a cike. Ɗan da na fito da shi ta nan yau gemunsa fari fat, yana da jikoki, kuma duk sanda ya bi ta ƙofar sai ya sunkuya, ko da yake an daɗe da ɗaga ta. Allah ya jiƙan Yaya Bukar, ya jiƙan Iya da Malam Ilu, ya gafarta wa Baba taurin kansa. Yadda suka bar mana mafita a ranar da muka rasa ta, Allah ya buɗe musu tasu.